Neman Gurbin Bincike a Cibiyoyin Noma: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Cibiyar bincike tana ba da digiri ne?

A'a, jami'a ce ke bayarwa. Ka yi rajista a jami'arka, cibiyar kuma ta ba ka gona da ɗakin gwaji. Hatta IAR, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962.

Sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka?

Sanayya tana aiki, ba zan musa ba, amma yawancin wasiƙun da ake watsarwa laifin masu su ne. Wanda ya rubuta cewa yana neman "kowane irin aiki" ya nuna bai san abin da ake yi a wurin ba. Ka nemi sunan mai binciken, ka karanta abin da ya wallafa, sannan ka rubuta masa shafi ɗaya.

Wace cibiya zan dosa?

Amfanin gonarka ne zai gaya maka. Masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga na IAR ne, alkama da gero na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, kiwo na NAPRI a Shika, cututtukan dabbobi kuma na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom. A Nijar akwai INRAN, wato cibiyar binciken noma ta ƙasar, da tashar Sadore kusa da Yamai ta ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwan sama.

Ina aikin wucin gadi a wani shirin gwajin iri. Zan iya rubuta kundin digiri na biyu da bayanan da nake tarawa?

Mai yiwuwa ne, amma ba a kowane hali ba. Bayanan na shirin ne, ko da kai ka sha rana kana auna tsawon karan dawa kana ƙirga zangarniya, kuma sau da yawa mai ba da kuɗin yana da sharaɗi a kan lokacin da za a fitar da sakamako. Saboda haka ka nemi izinin shugaban shirin a rubuce tun kafin shuka, ka kuma haɗa shi da malamin da ke duba aikinka a jami'a, domin tsarin gwajin da ya gamsar da shiri ba lallai ya gamsar da sashenku ba. Sai batun lokaci, wanda ɗalibai ke rainawa. Damina ɗaya ce a shekara, masu jarrabawa kuma galibi suna son sakamakon damina biyu ko wurare biyu. Idan kuɗin shirin ya ƙare bayan ta farko, ko fari ya cinye gonar, ka koma baya da shekara guda. Wasu kan cike giɓin da noman rani a tashar IAR da ke Kadawa, amma wannan ya danganta da irin amfanin da kuma tambayar da kake bincike a kai. Idan an hana ka izini, kada ka kwashi bayanan a ɓoye. Ka nemi a yanka maka ɗan fili ka yi naka gwajin.

Ban karanta aikin gona ba, ina da rabo?

Kwantar da hankalinka. Iri kamar waken SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a 2019 don jure tsutsar da ke huda kwanso, ba ya isa hannun manomi sai da masana ƙwari da ƙididdiga da sinadarai da tattalin arziki. Wanda ya iya nazarin alƙaluma a kwamfuta ba ya rasa mai nemansa.

Za a ɗauke ni aiki idan na gama?

Babu wanda zai yi maka wannan alƙawari. Guraben gwamnati sai an buɗe su, na cibiyoyin noma na ƙasa da ƙasa irin su IITA da ICRISAT kuma yawanci kwantiragi ne da ke ƙarewa tare da shirin.