Rantsuwa kaɗai ba ta raba mutum da kwalba

A ɗakin duba marasa lafiya na sha jin wannan: "Malam, wallahi na daina, ba zan ƙara sha ba." Bayan mako uku sai yayansa ya zo ya ce an koma 'yar gidan jiya. Shi ya sa labarin sojojin Ingila yake yawan faɗo mini a rai.

A 1862, a garin Agra na Indiya, wani limamin coci mai suna Gregson ya kafa ƙungiyar sojojin da suka ƙaurace wa giya. Soja zai sa hannu a takardar alkawari, amma ba a nan ake sakinsa ba. Ana ware musu ɗaki a bariki, ga shayi, ga jaridu, ga abokan hira da su ma ba sa sha. Wanda ya cika wata shida a ba shi lambar yabo, in ya kai shekara a ba shi wata. Sun gane cewa yammacin da mutum ya saba kashewa a mashaya, dole a samar masa inda zai kai shi.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi, a watan Afrilu na 1915 Sarkin Ingila George na Biyar ya hana giya a fadarsa har sai an gama yaƙi, ministan yaƙi Kitchener ya bi sahu. Sai dai mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: rundunar da kanta tana raba wa sojoji barasar ram da asuba a ramukan fagen daga na Faransa, wai maganin sanyi da fargaba.

Ɗumin nan yaudara ne. Giya tana buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji zafi ya ratsa shi, alhali zafin cikin jikinsa ne ke ficewa. Fargabar ma danne ta kawai take yi. Da ta sake shi sai tsoron ya dawo, barci ya ƙi daɗi, hannu ya soma rawa. Soja ko ɗan sintirin da ke haɗiyar tiramol kafin fita aikin dare, wannan ramin yake faɗawa.

In ɗan'uwanka ya ɗauki alkawari, kada ka bar shi shi kaɗai bayan magariba, kuma ya sauya majalisa. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum kuwa, kada ya yanke rana ɗaya a gida. Cikin kwana ɗaya zuwa uku yana iya fara karkarwa, gumi, gane-gane, har jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma hakan na iya kisa. A kawo shi asibiti tukuna, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa.