Yarda a wurin aiki: ina bambancinta da amana?

A bakin mutane da yawa amana da yarda abu ɗaya ne, amma kowacce da gurbinta. Amana ita ce abin da aka damƙa maka: makullin sito, kuɗin ciniki, sirrin maigida. Yarda kuwa tana zuciyar wanda ya damƙa, ita ke sa ya bar shago a buɗe ya tafi masallaci hankalinsa kwance. A wurin aiki ba ta tsaya tsakanin maigida da yaro ba. Akawu na bukatarta daga mai sito, direba na bukatarta daga akawu, dukansu kuma suna bukatar su yarda da maigidan.

A ɗauki babban sito a Garwa, a arewacin Kamaru. Kaya kan zo ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan a loda wa tirela. A ce buhun shinkafa 600 aka loda, da aka sauke aka samu 598. Hannu nawa kayan suka bi? 'Yan dako, direba, karen mota, mai sito. In ba a ƙirga a kowane hannu ba, zargi zai hau kan kowa, kuma maigida da ya fusata sai ya zaftare kuɗin daga albashin duka. Wannan shi ne kuskure mafi tsada, domin mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba, gobe kuma ba zai ƙara sa ido ba.

Maganin ba wuya. Duk lokacin da kaya ko kuɗi za su sauya hannu, mai bayarwa da mai karɓa su ƙirga tare, a rubuta adadi da rana da lokaci, su sa hannu. Wasu na jin haushin haka, suna cewa "ba ka yarda da ni ba ke nan?" Ai ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Rubutu yana kare mai gaskiya ne kafin kowa. Haka ma wayar shago ta tura kuɗi da karɓa, wato Orange Money ko MoMo: lambar sirri ta zauna a hannun mutum ɗaya. In mutum uku suka san ta, ranar da aka samu giɓi ba wanda za a kama, ba kuma wanda zai wanku.

Ana gina yarda mataki-mataki. Sabon yaro a fara aikensa da sefa 10,000, sannan a ba shi karɓo bashi, makulli sai daga baya. Ɗan ɗan'uwan maigida ma ya bi wannan layin, don sauran suna kallo.

Amma inda ake gane ko akwai yarda shi ne ranar da aka yi kuskure. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, buhu biyu sun jiƙe, ni ne ban ja tamfol ba." Abin da Alhaji ya yi a wannan minti shi zai yanke yadda sauran za su yi nan gaba. In ya zage shi a gaban 'yan dako, wata rana buhun da ya jiƙe za a cusa shi ƙasan tari, sai ya yi fumfuna ya ɓata na kusa da shi. In ya ce a fito da su a shanya, sannan ya kira yaron gefe ya yi masa faɗa, zai riƙa jin labarin matsala tun tana ƙarama. Wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta lura da haka a asibitoci: rukunonin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanninsu su suka fi kai rahoton kuskuren magani, saboda ba sa tsoron faɗa.

Nauyin da ke kan maigida bai tsaya nan ba. Albashi ya fito ranar da aka ce. In zai makara, a sanar kafin ranar, a faɗi dalili. Kuɗin hanya na direban da zai kai kaya Kuseri, a kan iyakar Chadi, ko ya tsallaka zuwa Njamena a yanke shi a fili, adadi ɗaya ga duk wanda ya bi hanyar.