Sa Hannun Mutum Dubu Biyu Ba Ya Sauke Ɗan Majalisar Jiha

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a WhatsApp, wai idan aka tara sa hannun mutum dubu biyu a mazaɓa, shi ke nan an sauke ɗan majalisar jiha. Wasu kuma suka ƙara gishiri, wai duk wanda ya sa hannu za a miƙa sunansa ga jami'an tsaro. Ranar Juma'a da yamma, wurin wani mai shayi ta wajen Ƙofar Ƙaura, na ga wani matashi da littafin rubutu na 'yan makaranta, yana bin mutane da biro. Wani dattijo ya karɓa, ya buɗe shafi biyu, ya mayar masa. "Yaro, ni ba na son abin da zai kai ni ofishin 'yan sanda." Shi kuwa ya ce, "Baba, ai saura ɗari uku mu cika." Duk su biyun an ruɗe su, ɗaya da tsoro, ɗaya da zumuɗi.

Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da kujeru 34, daidai da yawan ƙananan hukumominmu. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce majalisar jiha kada ta gaza mutum 24, kada ta wuce 40. Duk ɗan ƙasa mai shekara 25, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar, zai iya nema. Da 30 ne, sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun. Wa'adi shekara huɗu ne daga zaman farko. 'Yan majalisar su suke zaɓen Kakaki da mataimakinsa a cikinsu, su amince da kasafin kuɗi, su tantance kwamishinoni, su kira jami'an gwamnati su yi bayani. Ba su ne suke ba da kwangilar titi ko rijiyar burtsatse ba, ko da yake lokacin kamfe ba wanda yake faɗa mana haka.

Kiranye, wanda yaron nan yake tattara wa suna, yana sashe na 110 na Tsarin Mulki. Ba a ambaci dubu biyu ba, ba a ambaci kowane adadi tsayayye ba. Abin da aka ce shi ne a kai wa Shugaban Hukumar Zaɓe ta INEC takardar koke ɗauke da sa hannun fiye da rabin mutanen da suke da rajistar zaɓe a mazaɓar, suna cewa sun dawo daga rakiyar wakilinsu. A lura da kyau: masu rajista aka ce. Ba waɗanda suka fito ranar zaɓe ba, ba kuma waɗanda suka zaɓe shi ba. A ce mazaɓa tana da masu rajista 100,000, mutum 30,000 suka fito zaɓe, ya ci da ƙuri'a 18,000. To, kafin a ma saurari maganar sauke shi, sai an kawo sa hannu 50,001. Kuma a cikin rajistar nan akwai wanda ya rasu ba a cire sunansa ba, akwai wanda ya tafi ci-rani Legas, akwai wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu ya dawo birni yana raɓe gidan dangi. Duk ana lissafi da su.

Ba nan ta tsaya ba. INEC za ta sa rana, kowa ya je rumfar zaɓensa da katinsa ya tabbatar cewa shi ne ya sa hannu. Nan ne yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a Kogi ya mace a 2018, domin waɗanda suka fito tantancewa ba su ko kama ƙafar rabi ba. Idan an tsallake wannan, sai a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga ranar karɓar koke, nan ma a nemi rinjaye. Ni a ganina an ƙulle ƙofar nan da kwaɗo biyu. Na yarda bai kamata duk wanda ya faɗi zaɓe ya wayi gari ya tayar da mazaɓa tsaye ba, amma dokar da ta sa sauke mutum ya ninka zaɓensa wahala kusan sau uku, ba talaka ta yi wa gata ba.

Shi kuma Baba mai tsoro, hankalinsa ya kwanta. Sa hannu a takardar kiranye haƙƙi ne da Tsarin Mulki ya ba shi, ba laifi ba ne. Wanda zai iya shiga uku shi ne wanda ya zauna a zaure ya cike sunayen mutane ya yi musu sa hannun boge.

Wata maganar da ake haɗawa da wannan ita ce sauya sheƙa. Ana cewa da zarar ɗan majalisa ya bar jam'iyyarsa, kujerar ta tafi a take. A takarda kusan haka ne: sashe na 109 ya ce ya sauka idan ya koma wata jam'iyya kafin wa'adi ya cika. Amma akwai kafa, wato idan jam'iyyar ta rabe gida biyu ko ta narke cikin wata. Shi ya sa duk mai shirin tsallakewa za ka ji ya fara kukan rikicin cikin gida. A 2015, a shari'ar Abegunde ta Jihar Ondo, Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba, sai ɓarakar ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa. Sai dai Kakaki ne doka ta ɗora wa ayyana kujera babu kowa. Idan zuwa jam'iyyar Kakakin aka koma, kai ma ka san sauran zancen, sai dai a tafi kotu.

Tsige gwamna ma ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma mu Katsinawa mun taɓa ganin sa kusa-kusa. A watan Yunin 1981, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, majalisar da jam'iyyar NPN take da rinjaye ta tsige Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, bayan ta daɗe tana watsi da sunayen kwamishinoninsa, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A dokar yanzu, sashe na 188, kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargi, a wurinmu mutum 12 ke nan. Sai kashi biyu cikin uku, mutum 23, su yarda a bincika. Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku. In sun ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu. In ya tabbata, sai an sake samun 23. A 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 na Jihar Oyo suka yi gajen haƙuri, suka ƙulla tsige Gwamna Rashidi Ladoja daga wani otal a Ibadan. Kafin shekarar ta fita Kotun Ƙoli ta mayar da shi kujerarsa.

Akwai wani ɗan layi a sashe na 109 da ban taɓa jin an yi saƙon murya a kansa ba, alhali ya fi kiranye sauƙin bi. Sashe na 104 ya ce dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, shi kuma wannan layi na sashe na 109 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin da aka zauna, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, kujerarsa ta faɗi. Wannan ba ya buƙatar sa hannu 50,001. Da na sake haɗuwa da yaron nan, abin da zan ce masa shi ne ya ajiye littafin, su rubuta wa Akawun Majalisa wasiƙa, su tambayi kwana nawa wakilinsu ya shiga zaure bana.