Waiwaye: Wa Ke Da Alhakin Mararrabar Jirgin Ƙasa Da Mota A Najeriya?

Lokacin da layin dogo na Baro, garin da ke bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911, ba a san wata matsala wai ita mararraba ba. Jirgi ya riga mota zuwa, abin da ke tsallaka digar kuwa mutane ne da jakuna da shanu. A 1912 aka haɗe layin Legas da na Baro a ƙarƙashin sashen gwamnati guda, daga baya aka miƙa reshe zuwa Ƙaurar Namoda da Nguru, har aka kai Maiduguri a 1964. Tsarin da aka gada daga Ingila shi ne mai layi ya tsare layinsa: ya kafa get, ya ajiye mai gadi da tuta ja da koriya, da fitila saboda dare.

Dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, ta danƙa mata dogo da duk abin da ke kansa. Amma titin da ke hawa kan dogon ba nata ba ne. Wani na gwamnatin tarayya ne, wanda Ma'aikatar Ayyuka da hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA ke kula da shi, wani na jiha, wani na ƙaramar hukuma. Hukunta direban da ya ƙi tsayawa kuma aikin 'yan sanda ne da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda sai a 1988 aka kafa ta. Ga mararraba guda, ga iyayen gida uku ko huɗu.

A 'yan mitocin da kwalta ta haɗu da ƙarfe ne ake samun ɓarnar. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, kuma dole a bar masa rami siriri a gefen ƙarfen, wanda wani ƙarfe na biyu ke tokarewa. Ɗan kwangilar da ya zo shimfiɗa sabuwar kwalta, in bai tuntuɓi injiniyan reluwe ba, sai ya cike ramin nan, ko ya ɗaga titin ya bar dogon a kwari. Akasin haka ma na faruwa: ma'aikatan dogo su ƙara tsakuwa su ɗaga layi, mararraba ta zama tudu, doguwar tirela mai ƙasa-ƙasa ta hau cikinta ya maƙale. Da damina, in magudana ta toshe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin layin, ƙasa ta yi laushi, ƙarfe ya riƙa lotsawa duk sanda kan jirgi ya taka. Kowane ɓangare sai ya ce gyaran na ɗayan ne.

Shekarun da harkar jirgi ta durƙushe, daga wajen 1980 zuwa bayan 2000, su suka fi yin illa. Masu gadi suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, ƙarafan get suka lalace ko aka sace, garuruwa suka haɗiye layin, 'yan kasuwa suka baza kaya a kan diga, unguwanni suka buɗe wa kansu hanyoyin tsallakawa ba da izini ba. Da aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, ya tarar da direbobin da suka girma ba su taɓa jiran jirgi ba. Alhali jirgin kaya mai gudu yana iya cin fiye da kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. A Amurka, ƙa'ida ita ce ƙararrawa da fitila su fara aiki aƙalla daƙiƙa 20 kafin jirgi ya iso. Irin wannan na'ura tana bukatar wuta da batir da mai duba waya a kai a kai, abin da ba ya samuwa sai an san aljihun da kuɗin zai fito.

Sababbin layuka masu faɗin milimita 1,435, saɓanin tsohon mai 1,067, sun zo da gudu mafi yawa, amma ba su kawar da matsalar ba. A Disamban 2022 jirgin Kaduna zuwa Abuja ya murƙushe wata mota a Chikakore da ke Kubwa, matar da ke ciki ta rasu. Ranar 9 ga Maris, 2023, jirgi ya banke motar bas ta ma'aikatan jihar Legas a mararrabar PWD da ke Ikeja, mutum shida suka mutu, kuma hukumomi sun ce direban ya ƙi bin umarnin masu tuta. An gurfanar da shi, hakan kuma daidai ne. Sai dai mararraba mai cunkoso irin wannan bai kamata a ce ranta ya rataya ga tutar mutum ɗaya ba.

A watan na Maris ɗin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya bai wa jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Legas ta bi hanya mafi tsada kuma mafi inganci, ta gina gadojin sama a Yaba, Ikeja, Oyingbo da Mushin domin layinta na Red Line. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ita ma yanzu tana da hurumin binciken haɗarin jirgin ƙasa, bisa dokar 2022.

Yanzu ana shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, za su ratsa gonaki da burtalai da hanyoyin kasuwannin ƙauye. Gadar sama ba za ta samu a ko'ina ba. Abin da ya kamata jihohin Kaduna, Kano, Jigawa da Katsina su nema tun kafin 'yan kwangila su tattara kayansu shi ne rubutacciyar yarjejeniya kan kowace mararraba: wa zai biya mai gadi, wa zai yashe magudana, wa zai sare ciyawar da ke tare gani, da kuma mita nawa daga ƙarfe aikin mai titi ya tsaya.