Ma'anar ADHD da Dalilin Doguwar Jiran Ganin Ƙwararre a Birtaniya

ADHD taƙaitaccen suna ne na wata lalura da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, wadda ke sa mutum ya kasa tattara hankalinsa wuri guda, ya riƙa yawan motsi, ko ya aikata abu kafin ya yi tunani a kansa. Yaron da ke da ita yakan bar kujerarsa malami na tsakiyar darasi, ya amsa tambaya tun ba a gama yi masa ita ba, ya dawo gida babu littafi babu fensir. Idan ya girma ƙiriniyar takan lafa, amma sai ka ga magidanci yana manta alƙawari, yana fara aiki biyar bai kammala ko ɗaya ba.

Ba kowane yaro mai rawar kai ne ke da wannan lalura ba, kuma a nan ne ake yawan yi wa kalmar karan tsaye. Kafin likita ya tabbatar da ita, dole alamomin su daɗe aƙalla wata 6, su kasance sun soma kafin shekara 12, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, sannan su riƙa kawo cikas na gaske a rayuwa. Babu gwajin jini da ke nuna ta. Ƙwararre ne ke zama da mutum, ya saurari iyaye, ya duba rahoton malamai. An fi gano ta a yara maza, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tasu takan fito fili da hayaniya, alhali ta 'yan mata sau da yawa shiru ce da tafiyar tunani.

A Birtaniya likitan unguwa ba shi da hurumin tabbatar da ita, iyakarsa ya tura mutum wurin ƙwararru a hukumar lafiya ta gwamnati, wato NHS, inda layi ya yi tsawo ƙwarai. Binciken da BBC ta yi a 2024 ya gano manya aƙalla 196,000 suna jira, kuma a wasu yankuna sai an shekara 8 kafin a sallami waɗanda ke kan layi. A shekarar ce hukumar ta kafa kwamiti na musamman kan matsalar a Ingila, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya. A Ingilar kuma doka ta ba majinyaci damar zaɓar cibiyar da za ta duba shi, har da masu zaman kansu da ke da kwangila da NHS, wanda yakan rage jiran. Wanda kuwa ya biya kuɗinsa a asibitin kuɗi yana iya samun sakamako da wuri, sai dai likitan unguwarsa na iya ƙin karɓar nauyin rubuta masa maganin daga baya, ya ci gaba da saye daga aljihunsa.