Kwatanta tarihin hatsarin kamfanonin jiragen sama a Kamaru da Cadi

Kwatanta tarihin hatsarin kamfanonin jiragen sama hanya ce ta auna yadda kowane kamfani ke kai fasinja lafiya. A Garwa da Marwa da Injamena batun ya fi tasowa gab da jigilar maniyyata, ko kuma a bakin 'yan kasuwa masu zuwa Duwala da Dubai. Abin da mutane suka fi tambaya shi ne sau nawa jirgin kamfani kaza ya taɓa faɗuwa, alhali masana harkar ba da wannan kaɗai suke awo ba.

Ma'auni

Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana lissafa hatsari ne a kan kowane tashi miliyan ɗaya, saboda kamfani mai jirage ɗari ba ya daidai da mai jirage uku. Ƙaramin kamfani zai iya shekara 20 bai yi hatsari ba don kawai tashinsa kaɗan ne. Tun 2003 ƙungiyar ke gudanar da binciken IOSA, inda ake duba horon matuƙa da gyaran jirage da takardun aiki. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal kuwa ƙasashe take bincika, wato ko hukumar ƙasa na iya sa ido a kan kamfanoninta: CCAA a Kamaru, ADAC a Cadi. Tarayyar Turai tana da jerin kamfanonin da ta hana shiga samaniyarta tun 2006. Akwai kuma shafukan intanet masu ba kamfanoni maki da taurari, amma yadda suke lissafi ya sha bamban, kuma ana gardama a kansa.

Tarihi

Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa, Air Afrique, a 1961. Kamaru ta fice ta kafa Cameroon Airlines a 1971. Mafi munin hatsarin wannan kamfani shi ne na 3 ga Disamba 1995, lokacin da Boeing 737 da ya taso daga Kwatano ya faɗi a lokacin sauka Duwala, mutum 71 suka rasu. Kamfanin ya durƙushe a 2008, Camair-Co ya gaje shi, ya fara tashi a 2011.

Sai dai manyan hatsarurran da aka yi a yankin, yawancinsu ba na kamfanonin gida ba ne. A 1962 jirgin Caledonian Airways na Birtaniya ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Duwala, ya hallaka mutum 111. A ranar 5 ga Mayu 2007 kuma jirgin Kenya Airways, wanda ya yada zango a Duwala a kan hanyarsa daga Abijan zuwa Nairobi, ya tashi da tsakar dare ana hadari. Jirgin sabo ne fil, bai shekara ba. Ya riƙa karkata dama sannu a hankali, matuƙan ba su farga ba a cikin duhu, har ya nutse a fadama 'yan kilomitoci daga filin. Mutum 114 ne a ciki, babu wanda ya tsira, kuma sai da aka kusa kwana biyu kafin a gano tarkacen. Binciken hukumar Kamaru ya ɗora laifin a kan rikicewar matuƙa. Kamfanin a lokacin yana cikin masu suna a Afirka.

A Cadi, abin da ba a manta ba shi ne jirgin UTA na Faransa, ƙirar DC-10. Ya taso daga Brazzaville, ya ɗebi fasinja a Injamena ranar 19 ga Satumba 1989 ya nufi Paris, sai bam da aka ɓoye cikin kaya ya tashi da shi a kan hamadar Tenere ta Nijar. Mutum 170 suka rasu. A 1999 wata kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya 6 hukunci a bayan idonsu. Iyalan mamatan sun gina abin tunawa a wurin a 2007: da'irar baƙaƙen duwatsu a kan rairayi, da siffar jirgi a tsakiya, da fasassun madubai 170 kewaye, ga fiffiken jirgi a tsaye ɗauke da sunaye. Ko ya dace a lissafa harin bam a tarihin kamfani, masu ƙididdiga ba su daidaita ba. Wasu na cirewa.

Jiragen shata na alhazai

Nan ne kwatancen ya fi rikicewa, domin sunan da ke kan tikiti ba lalle ne shi ne mai jirgin ba. A 22 ga Janairu 1973 Boeing 707 na kamfanin Alia na Jordan, wanda Nigeria Airways ya yi shata, ya yi hatsari a saukar Kano cikin hazo, alhazai da ma'aikata 176 suka rasu. A 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 ɗauke da alhazan da za su koma Sakkwato ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Mai jirgin Nationair ne na Kanada. Asalin abin tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska: suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin a haka. Maniyyacin da zai tashi daga Garwa ko Injamena, tambayar da ta fi masa amfani ita ce wa ke da jirgin kuma wace ƙasa ke duba shi.

Halin da ake ciki

An dakatar da kamfanin Cadi, Toumaï Air Tchad, a wajajen 2012 saboda matsalolin da bincike ya gano. Tchadia Airlines, haɗin gwiwa da Ethiopian Airlines, ya fara a 2018 ya rufe a 2022. A 2012 ministocin sufurin Afirka sun amince a Abuja cewa kamfanonin nahiyar su samu shaidar IOSA. Kula da zirga-zirgar samaniyar ƙasashen biyu yana hannun hukumar ASECNA mai hedkwata a Dakar.