Ba Duk Abin da Aka Rubuta Ne Tabbataccen Tarihi Ba

A Zariya ana yawan kashe gardama da cewa "ai a littafi yake", kamar rubutu ba ya kuskure, tarihin baka kuwa tatsuniya ce. Alhali da yawa daga cikin tsofaffin rubuce-rubucenmu na tarihi daga bakin mutane aka ɗauko su.

Dubi Sarauniya Amina. Kundin tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara a 1908, ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ruwayar Zazzau kuma ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar Zazzau a ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara 100, kuma dukansu an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarta.

Ga kuma son rai. Labarin ficewar Sarki Makau daga Zariya lokacin jihadi, yadda zuriyar masu tuta ke ba da shi daban, na Suleja, inda gidan su Makau ya ci gaba da sarauta, daban. Kowa na kare gidansu ne.

Kafin ka yarda da ruwaya, bincika wa ya rubuta, yaushe, kuma wane sarki yake yi wa hidima. Littattafai goma da suka kwafo daga tushe guda shaida ɗaya ce, nan ne ɗalibai suka fi zamewa.